Taswirar Cikin Na'ura Da Dutsen Iyaka

 A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari wanda a ido ya ke kamar na masana kaɗai, alhali kuwa ya shafi duk wanda ya mallaki gona ko fili a ƙasar nan, ko kuma ya ke ta tara kwabo da kwabo domin ya saya. Al'amarin shi ne taswirar nan da 'yan safiyo na zamani su ke ɗorawa a cikin na'urarsu kafin su fita awo, da irin ɓarnar da ta ke jawowa idan ba a shirya ta yadda ya kamata ba.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, wani abu ne da na gani da idona lokacin da na je gida hutu kwanakin baya. Kawuna tsohon malamin makaranta ne. Da ya bar aiki ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya sayi fili a bayan gari, aka auna masa, aka kafa duwatsun iyaka a kusurwa huɗu, aka ba shi takardar safiyo mai ɗauke da lambobin kowane dutse. Shekaru suka wuce bai sami halin gini ba, yashi da ciyawa suka binne duwatsun. Da ya tashi zai sa harsashi, sai ya ɗauko wani saurayi ɗan safiyo domin ya nemo masa iyakarsa, ni kuma na raka su.

Saurayin nan ya zo da kayan aiki masu ban sha'awa. Akwai doguwar sanda wadda a ke ɗora wa na'urar da ke karɓar saƙon taurarin ɗan'adam, watau GPS, akwai kuma wata na'ura ta hannu mai allon gilashi. A kan allon ga hoton unguwar duka kamar yadda shaho ya ke ganinta, ga tituna, ga rufin gidaje, ga itatuwa. Akwai kuma wani ɗigo da ke nuna inda mu ke tsaye. In muka hau titi, ɗigon ya hau titi. In muka tsaya a bakin kwalbati, ya tsaya a bakin kwalbati. Saurayin ya karɓi takardar Kawu, ya shigar da lambobin, ya ce mu biyo shi.

Muka wuce wata tsamiya, Kawu ya tsaya ya ce, "Ɗana, ni dai a sanina filina yana gefen tsamiyar nan." Saurayin ya amsa cikin ladabi, "Baba, ka yi haƙuri, na'ura ba ta ƙarya." Muka ci gaba da tafiya kudu maso gabas, har ɗigon ya kai mu ƙofar wani gida wanda an riga an gina, har da yara suna wasa a zaure. Saurayin ya ce kusurwar filin Kawu tana tsakar gidan nan. Mai gida ya fito, magana ta yi zafi, mutane suka taru, wani ya ce an zo ƙwacen gida, wani ya ce ai mai gidan ne ya ci filin tsoho. Ba domin mai unguwa ya iso da wuri ba, da abin ya kai ga ofishin 'yan sanda, watakila ma asibiti.

Mai unguwa ya aika aka kirawo wani dattijo wanda ya yi shekaru yana aikin safiyo kafin ya huta. Dattijon ya duba takardar Kawu, ya dubi allon na'urar, sa'an nan ya yi wa saurayin tambaya guda ɗaya. Ya ce, "Yaro, lambobin takardar nan da hoton da ke cikin na'urarka, tushensu ɗaya ne?" Saurayin ya yi shiru. Dattijon ya kai mu wurin wani ginshiƙin safiyo na gwamnati da ke bakin hanya, wanda ya san lambobinsa a rubuce, ya ce a ɗora sandar a kansa. Da aka gwada abin da na'ura ta karanta da abin da ke rubuce, sai ga bambancin kimanin mita 80 ta gabas da yamma, da kimanin mita 120 ta kudu da arewa. Saurayin ya gyara saitin na'urarsa, ɗigon ya komo da mu gindin tsamiya, aka sa fartanya aka tona, sai ga dutsen Kawu a ƙarƙashin yashi.

To, saurayin nan bai yi ƙarya ba da ya ce na'ura ba ta ƙarya. Ta amsa tambayar da aka yi mata ne daidai, sai dai tambayar ce aka yi ta a karkace. Domin mu gane yadda haka ta faru, dole mu koma baya kaɗan.

Duk lambar da a ke rubutawa a takardar safiyo, nisa ce daga wani mafari da aka yarda da shi, bisa wani ƙiyasi na girman duniya da siffarta. Wannan mafari da wannan ƙiyasi su ne na ke kira tushen awo. A zamanin Turawan mulkin mallaka, masu awon ƙasar nan sun zaɓi wani ginshiƙi kusa da Minna mai lamba L40 ya zama mafarin awon Nijeriya, suka ɗauki ƙiyasin siffar duniya wanda wani Bature ɗan Birtaniya, Kanar Clarke, ya fitar a 1880. Daga nan suka bi ƙasar tudu bayan tudu suna kafa ginshiƙai, kowane an auno shi daga na bayansa. Shi ne a ke kira tushen Minna, kuma a kansa aka zana tsofaffin taswirorin gwamnati da ɗimbin takardun filayen da ke cikin akwatunan mutane a yau.

Shi kuwa GPS, wanda sojojin Amurka suka ƙirƙiro, yana aiki ne da wani tushe dabam mai suna WGS84, wanda aka tsara a 1984, mafarinsa kuma tsakiyar duniya ne. Da farko Amurka tana dagula saƙon da gangan ga farar hula, har kuskure ya kan kai mita 100, sai a watan Mayu na 2000 ta daina. Tun daga nan na'urorin suka bazu, aka kuma samu dabarar haɗa na'ura biyu, ɗaya a kafe a wurin da aka sani, ɗaya tana yawo, ta yadda awo ya kan sauko zuwa santimita kaɗan. Hotunan sama da a ke samu a intanet, irin na Google Earth, su ma a kan WGS84 aka shimfiɗa su.

Watau ke nan dutse ɗaya a Nijeriya yana da suna biyu, ɗaya a harshen Minna, ɗaya a harshen GPS, tsakaninsu kuwa akwai tazarar fiye da mita 140. Filin da aka saba yankawa a garuruwanmu ƙafa 50 ne da 100, watau kamar mita 15 da 30. Kuskuren nan ya isa ya tsallakar da mutum fili biyar a gefe, huɗu a tsaye. Abin da ya ruɗi saurayinmu shi ne hoton da na'urar sun yi magana da harshe ɗaya, shi ya sa ɗigo ya ke hawa titi in an hau titi. Takardar Kawu ce ta ke magana da harshen Minna, kuma ba wanda ya yi mata tafinta.

Ba a nan ruɗanin ya tsaya ba. Sabo da duniya a dunƙule ta ke, takarda kuwa a shimfiɗe, masu taswira su kan yanka ƙasa gida-gida kafin su kwantar da ita. A tsarin da a ke kira UTM, Nijeriya ta faɗa gida uku: gida na 31 ya ɗauki su Legas da Sakkwato, na 32 ya ɗauki Kano da Kaduna da Abuja, na 33 kuma Maiduguri da Yola. Akwai kuma tsohon tsarin ƙasar nan na ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, wanda iyakokinsa da lambobinsa ba su dace da na UTM ba. A cikin kwamfuta kowane tsari yana da lambarsa. Lambar gida na 32 a kan tushen Minna ita ce 26332, lambar gida na 32 a kan WGS84 kuwa 32632. Mai karatu ya sake duban lambobin nan biyu. Alƙaluma iri ɗaya ne aka sāke wa zama, idon da ya gaji kuwa ba zai bambance su ba, alhali tsakaninsu akwai gidan wani.

To, yaya a ke shirya taswirar cikin na'ura ta zama abin dogaro? Na zauna da dattijon nan bayan an watse, na kuma tambayi waɗansu masu sana'ar, ga abin da na fahimta.

Hoto dai, ko na sama ne ko na tsohuwar taswira da aka ɗauka da na'urar kwafe, ɗigogi ne kawai a jere. Bai san gabas ba, bai san yamma ba, bai san ko Funtuwa ya ke nunawa ko Fatakwal ba. Aikin mai shiryawa shi ne ya ɗaure hoton da ƙasa, kamar yadda a ke turke dabba. Zai nemi wurare a cikin hoton waɗanda ya san lambobinsu na gaskiya a ƙasa, ya ce wa kwamfuta wannan ɗigo shi ne wuri kaza, wancan shi ne wuri kaza. Kwamfuta sai ta ja hoton, ta juya shi, ta miƙe shi, har ya zauna a kan turakun nan. Akwai manhajoji na wannan aiki, har da QGIS wadda kyauta ce ga kowa, sabo da haka rashin kuɗi ba hujja ba ce.

Mataki na fari, kafin a taɓa kwamfuta, shi ne a karanta gefen takardar a san tushenta da gidanta da ma'auninta da shekarar da aka zana ta. In ba a rubuta ba, a je ofishin safiyo a tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Mataki na biyu shi ne zaɓen turaku. A lissafi, turke uku sun isa a zaunar da hoto, amma a nan tarkon ya ke: in uku kaɗai aka sa, kwamfuta za ta nuna babu kuskure ko na gashi, ko da kuwa ɗaya daga cikinsu ƙarya ne, domin ba ta da na huɗu da zai ƙaryata shi. Sabo da haka mai hankali ya kan sa da yawa, ya baza su kusurwa huɗu da tsakiya, kada ya tara su a lungu ɗaya. Sa'an nan ya ware waɗansu ya ɓoye, bayan an gama ɗauri ya gwada da su ya ga ko hoton ya faɗa a kansu.

Turken kuma dole ya zama abin da ba ya motsi kuma yana ƙasa: ginshiƙin gwamnati, kusurwar gada, bakin kwalbati, ko alamar da aka shafa da fenti aka auna kafin jirgi maras matuƙi ya tashi ɗaukar hoto. Kan itace da kusurwar rufin bene ba su yi ba, domin a hoton sama duk abu mai tsawo ya kan jingina gefe, tudu ma ya kan gusa daga mazauninsa in ba a gyara hoton da lissafin tsayin ƙasa ba. Tsohuwar takarda kuwa tana da nata ciwon. Damina ta kumbura ta, hunturu ya tsuke ta, ninki ya karya ta, ta yadda gefe ɗaya ya kan fi ɗaya miƙewa.

Mataki na uku shi ne juya lambobi daga tushe zuwa tushe. Na'urori suna zuwa da lissafin juyi na ƙasa baki ɗaya, amma shi ma ya kan bar kuskuren mita kaɗan, sabo da awon dā an yi shi ne da hannu da ido a cikin shekaru masu yawa, kuma bai zauna daidai wa daida a ko'ina ba. Mita kaɗan ba kome ba ne ga matafiyi, amma ga maƙwabta biyu katanga ce guda. Shi ya sa gwanaye su ke daidaita na'urarsu da ginshiƙan da ke yankin da za su yi aiki, kada su dogara ga lissafin da ya zo daga kamfani kaɗai.

Mataki na huɗu shi ne ajiya. Akwai nau'in hoto mai suna GeoTIFF wanda ya ke riƙe bayanin mazauninsa da tushensa a cikinsa. Akwai kuma hoto na yau da kullum wanda a ke haɗa shi da 'yar takardar rakiya mai layi shida, masu faɗin girman ɗigo da karkatar hoton da lambar kusurwarsa ta sama ta hagu. Wannan 'yar rakiya ba ta faɗin tushen awo ko kaɗan. In hoton ya bar hannun wanda ya shirya shi ya shiga hannun abokin aiki, na biyun sai dai ya yi zato, zato kuwa shi ya kai mu ƙofar gidan mutane. Maganin abin mai sauƙi ne: a rubuta tushe da gida a cikin sunan hoton. Haka kuma a yanke shi daidai wurin aiki, domin hoto mai nauyi ya kan daskarar da na'urar hannu ana tsakiyar rana a daji.

Mataki na ƙarshe, wanda dattijon ya ce shi ne uban duka, a filin aiki a ke yinsa. Kafin a auna wa kowa ko taku ɗaya, a je wurin ginshiƙin da aka san lambarsa a ɗora sanda, a ga ko na'ura da hoto da takarda sun yi baki ɗaya. In an tashi aiki a sake komawa. Ya ce da ni, "Ɗana, a zamaninmu wanda ya soma awo bai gaisa da ginshiƙi ba, ba ma karɓar littafinsa." Aikin minti goma ne, amma da saurayinmu ya yi shi, da ba a tara jama'a ba.

Ko an bi matakan nan duka, akwai iyakar abin da hoto zai iya faɗa. A taswira mai ma'aunin 1 cikin 50,000, milimita ɗaya a takarda mita 50 ce a ƙasa, watau kaurin zanen fensir kaɗai ya fi faɗin fili guda. Tauraron NigeriaSat-1 da ƙasar nan ta harba a 2003, kowane ɗigon hotonsa mita 32 ne a ƙasa. NigeriaSat-2 na 2011 ya sauko zuwa mita biyu da rabi. Ci gaba ne babba wajen duba daji da ambaliya da bunƙasar gari, amma dutsen iyaka bai kai tafin hannu biyu ba, ba zai fito a cikin irin wannan ɗigo ba. Wayar hannu ma, wadda dillalan filaye su ke ɗagawa sama suna cewa ga iyaka, kuskurenta ya kan kai mita da dama. Amfanin taswirar cikin na'ura shi ne ta nuna wa ma'auni hanya, ta faɗakar da shi in ya yi babban kuskure. Hukuncin iyaka kuwa yana ga awon da aka yi a ƙasa, da dutsen da aka kafa, da takardar da mai lasisi ya sa wa hannu.

A dā, in rigimar gona ta tashi, dagaci ya kan kira dattawa su nuna kukar da kakanni suka yi iyaka da ita, ko layin gamba, ko tsohuwar kunya. Tun da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takarda ta soma karɓe matsayin dattawan nan, musamman a birane. Yanzu kuma takardun suna shiga kwamfuta. Abuja ta kafa hukumar AGIS a 2003, jihohi irin su Nasarawa da Kaduna da Kano suka bi baya da nasu. Wannan abin yabo ne. Amma kowace tsohuwar taswirar unguwa da za a shigar, sai wani ma'aikaci ya ɗaure ta da ƙasa, in kuwa ya kuskure tushe, unguwa guda ce za ta gusa, kuma kuskuren zai fito da hatimin hukuma a kansa. Talakan da ya sayi awon igiya a bayan gari, wanda dama takardarsa ba ta da ƙarfi, shi ne zai fi shan wuya.

Sabo da haka ina kira ga hukumomi uku. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya, wanda tun 2008 ya soma kafa tashoshin GPS na dindindin a sassan ƙasar nan, ya kamata ya sauƙaƙa wa kowane ma'auni samun lissafin juyi da aka amince da shi. Hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989 domin rajistar 'yan safiyo da ladabtar da su, ta tsananta a kan cewa kowace takarda ta faɗi tushenta da gidanta ɓaro-ɓaro. Gwamnatocin jihohi kuma su kare ginshiƙan safiyo, waɗanda masu gyaran hanya da masu gini su ke tumɓukewa ba tare da sanin darajarsu ba. In ginshiƙan nan suka ƙare, ba sauran abin da za a gwada na'ura da shi. Makarantun da ke koyar da sana'ar, tun daga Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo har zuwa kwalejojin kimiyya da fasaha, su riƙa fitar da ɗalibai rana su nemo tsofaffin duwatsu da hannunsu.

Kai kuma mai fili, ba sai ka iya lissafin nan ba kafin ka kare kanka. In ka ɗauko ma'auni, tambaye shi ko yana da rajista, ko kuma wane mai rajista ne zai sa hannu a aikinsa. Tambaye shi a kan wane tushe takardarka ta ke, a kan wane tushe kuma na'urarsa ta ke. Ka ce ya gwada ta a kan ginshiƙin da aka sani a gabanka. Ka kira maƙwabta da mai unguwa su shaida ranar kafa dutse, ka kuma riƙa lekawa kada yashi ya binne shi. Ma'aunin kirki ba zai ji haushin tambayoyin nan ba. Wanda ya fusata kuwa, ka nemi wani tun ba ka sayi siminti ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Saurayinmu dai ya ba Kawu haƙuri, ya ba mai gidan nan haƙuri, ya kuma roƙi dattijon ya bar shi ya riƙa zuwa ɗaukar karatu, abin da ya ƙara masa daraja a idona. Kawu ya sa harsashinsa a gefen tsamiya, ya kuma zuba kankare ya ɗaga duwatsunsa huɗu yadda kowa zai gan su.